Gyara Turancinka: Tsakanin "Except" Da "Except For"

A ɗauka an wayi gari a wata ma'aikata an kafa sanarwa a allo, bakin ofishin biya, an rubuta da Turanci cewa: "All junior staff except the drivers will be paid the allowance on Friday." Direbobi da masinjoji da masu gadi suka taru, suka roƙi akawu ya karanta musu. Akawu ya gyara tabarau, ya duba, ya ce, "Za a biya ƙananan ma'aikata alawus ran Juma'a, ban da direbobi." Direbobi suka watse rai a ɓace. Fassara ta yi daidai, ba wanda zai ga laifin akawu.

To, a sake ɗauka cewa abin da aka rubuta shi ne: "Besides the drivers, the messengers and watchmen will be paid the allowance on Friday." Akawun nan dai ya duba, ya ce, "Ban da direbobi, za a biya masinjoji da masu gadi alawus ran Juma'a." Nan ma ba za a ce ya yi kuskure ba, gama Hausa ta yarda da haka. Amma fa direbobi za su sake watsewa rai a ɓace, alhali kuwa a wannan karo su ne na farko a layin karɓar kuɗi.

Dalili kuwa shi ne, "ban da" ɗin nan ta Hausa baki biyu gare ta. Wani sa'i takan fitar da mutum daga cikin jama'a, kamar a ce kowa ya ci tuwo ban da baƙo. Wani sa'i kuwa ƙara shi take yi a kan jama'a, kamar a ce ban da Hausa, Malam yana jin Larabci da Fulatanci. Bahaushe ba ya ruɗewa a hira, don yanayin zance da muryar mai magana sukan nuna masa wadda ake nufi. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu, ya ba "except" aikin fitarwa, ya ba "besides" aikin ƙarawa. Wanda ya yi tunani da Hausa sa'an nan ya juya zuwa Turanci, in bai yi hattara ba, sai ya ɗauki wannan ya aza a gurbin waccan. Ɗan hakin da aka raina kuwa shi ke tsone ido, musamman a takardar jarrabawa da ta neman aiki da ta yarjejeniya. Mai karatu ya sani ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Turanci, kuma duk wanda zai zauna jarrabawar JAMB, ko likita yake son zama ko lauya, tilas ya ɗauki takardar Turanci.

Abin da wannan fili zai duba a wannan mako ke nan, watau togaciya a Turanci, musamman tambayar nan da ta daɗe tana damun 'yan makaranta da akawuna da masu fassarar labarai: yaushe ake cewa "except" kawai, yaushe kuma ya wajaba a ce "except for"?

Kalmar dai ba 'yar asalin Ingila ba ce. Daga Latin ta fito, harshen Rumawan da, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14, cikin ambaliyar kalmomin shari'a da na mulki da suka yi ta kwarara cikin harshen bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Gaɓa biyu ce a asali: "ex", watau waje, da "capere", watau ɗauka. Ma'anarta ke nan a taƙaice, a ɗauki abu a fitar da shi waje. Kafin zuwanta da "but" Turawan Ingila ke yin togaciya, har yau kuwa ba su bari ba, kamar yadda za a gani nan gaba.

Duk wanda ya riƙe wannan ma'ana ya riƙe rabin darasin, domin ba a zare zangarniya sai daga dami. A Turanci akwai kalmomin da ke nuna damin, watau masu game kowa da kome, irin su "all", "every", "everybody", "everything", "everywhere", "any", "anybody", "no", "nobody", "nothing", "nowhere" da "whole". In ɗaya daga cikin waɗannan ta gabata a jimla, to, mai rubutu yana da zaɓi. Yana iya cewa "All the pupils passed except Audu", yana kuma iya cewa "All the pupils passed except for Audu." Duka biyu daidai ne, ma'anarsu ɗaya, watau dukan yara sun ci jarrabawa ban da Audu. Haka nan "Nobody came except the headmaster", ba wanda ya zo sai hedimasta. A ƙara "for" ko kada a ƙara, babu laifi. Haka Michael Swan ya shimfiɗa ƙa'idar a littafinsa Practical English Usage, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fara bugawa a 1980. Malamin da ya ja jan biro ƙarƙashin ɗaya daga cikin jimlolin nan biyu ya zalunci yaro, kuma abin takaici, ana samun masu yin haka.

Inda Gizo Ke Saƙa

Wahalar tana wurin da babu dami a fili. A dubi wannan jimla: "The classroom was empty except for a goat." Watau ajin wayam yake, in ban da wata akuya. A nan ba a isa a cire "for" ba. Wanda ya rubuta "The classroom was empty except a goat" ya yi kuskure, ko da yake za a gane abin da yake nufi. Dalili kuwa, akuya ba ɗaya ce daga cikin azuzuwa ba, ba a kuma ambaci "nothing" ko "nobody" da za a zare ta daga ciki ba. Abin da aka yi shi ne, an yanke hukunci a kan aji cewa babu kowa, kana aka dawo aka ɗan rage wa hukuncin ƙarfi. Wannan aiki na rage ƙarfin magana shi ne ainihin gadon "except for", ba ta kuwa da abokin tarayya a cikinsa.

Misalansa suna da yawa a rayuwar yau da kullum. Direba ya dawo daga tafiya, aka tambaye shi hanya, ya ce, "The road is good except for a few potholes near the bridge", hanya lafiya lau, in ban da 'yan ramuka kusa da gada. Malami ya mayar wa ɗalibi takardarsa ya rubuta, "Your essay is excellent except for the spelling", insha'inka ya yi kyau ƙwarai, in ban da kurakuran rubutun kalmomi. Tela ya ce wa mai riga, "I have finished the gown except for the buttons", na gama riga, saura maɓallai. Ramuka ba hanya ba ce, rubutun kalmomi ba insha'i ba ne, maɓalli ba riga ba ce. Kowannensu wani ɗan ɓangare ne da ya hana maganar farko cika ɗari bisa ɗari.

Mai karatu zai lura cewa kunnen Bahaushe ma yana jin irin wannan bambanci a harshensa, ko da bai taɓa zama ya yi tunaninsa ba. Yakan ce kowa ya kwanta ban da maigida. Amma in zai kwatanta shirun dare, cewa yake yi gida tsit, in ban da kukan jariri. Wannan "in" ɗin da ya ƙara a gaba kusan aikin "for" take yi. Saboda haka ga wata dabara mai sauƙi: duk inda bakin mutum ya fi son "in ban da" a Hausa, to, ya nemi "except for" a Turanci. Ba doka ce da aka rubuta a wani littafi ba, amma da wuya ta kai mutum ta baro.

Waɗanda suka yi karatun zaure ba baƙi ba ne a wannan fage. Littafin Ajuruma, wanda malamin nan na birnin Fas, Ibn Ajurrum, ya wallafa kafin rasuwarsa a 1323, yana da babi guda sukutum a kan togaciya, inda ya ƙidaya kalmominta guda takwas, "illa" ce kan gaba, wadda Hausa ta ara tun da daɗewa. Kalmar shahada kanta a kan korewa da togaciya aka gina ta. Wanda ya yi nisa har ya kai ga Alfiyya ta Ibn Malik kuwa ya san malamai sun raba togaciya iri biyu: wadda abin da aka toge jinsinsa ɗaya da abin da aka toge shi daga ciki, da wadda jinsinsu ya bambanta, wadda sukan buga mata misali da jama'a da jaki. Ba a ce ƙa'idar Larabci da ta Turanci ɗaya ba ce, don kowane harshe da hanyarsa. Amma almajirin da ya saba tambayar kansa, "Daga cikin me aka toge wannan?" ya riga ya mallaki tambayar da Turanci ke bukata. Sau da yawa ma yakan riga ɗan boko gane darasin.

Wuri na biyu da "for" ta zama wajibi shi ne farkon jimla. Ana cewa "All the pupils passed except Audu", amma in aka jawo Audu aka kawo shi gaba, sai a ce "Except for Audu, all the pupils passed." Jimlar da ta fara da "Except Audu" gurguwa ce a kunnen mai harshen, kuma mai duba takardar jarrabawa ba zai bar ta ta wuce ba. Daga waɗannan duka za a iya fitar da shawara guda ga mai shakka: in suna ne zai biyo baya, mutum ko wuri ko abu, ya sa "except for", gama tana shiga inda akwai dami, tana shiga inda babu, tana kuma shiga farkon jimla.

Amma fa wannan shawara a gaban suna kaɗai take aiki. In abin da zai biyo baya ɗaya ne daga cikin ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri ko lokaci ko hali, irin su "in", "on", "at", "by", "during", ko kuwa masu haɗa zance irin su "when", "where" da "that", sai a sauke "for" a ajiye. Ana rubuta "The clinic is open every day except on Sundays", ana rubuta "He never goes out except when it is necessary", ana kuma rubuta "The two cars are the same except that one is older", watau motocin biyu iri ɗaya ne, sai dai ɗaya ta fi tsufa. Wannan "except that" ita ce "sai dai" ta Hausa daidai wa daida. Gaskiya ne a hira akan ji Turawa da kansu suna cewa "except for when", amma abin da baki ya faɗa a kan hanya daban, abin da alƙalami zai sa a takardar ofis daban. "Except for on Sundays" kuwa kaya ne ya yi wa jaki yawa.

Sauran ƙa'idoji biyu ba su bukatar dogon bayani. Wakilin suna da zai biyo bayan "except" shi ne "me", "him", "her", "us" ko "them". Ana cewa "Everybody was invited except me." Masu cewa "except I" don su nuna sun yi karatu, ƙaramin sani ne ya zame musu ƙuƙumi. In kuwa aikatau ne zai biyo baya, a dubi abin da ya gabata. Bayan "do" da 'yan'uwanta aikatau tsirara yake zuwa: "He did nothing except complain", bai yi kome ba sai ƙorafi. A wasu wuraren da "to" yake tafe: "They had no choice except to pay."

"Except You Pay"

Akwai wani amfani da "except" da ya zama ruwan dare a Nijeriya, a bakin 'yan siyasa da masu wa'azi, har da shafuffukan jaridun Turanci. Za a ji an ce, "Except you pay, you will not enter", ko "Nothing will change except the government acts." Abin da ake nufi shi ne "unless", watau sai in. Wannan ba ƙirƙirar 'yan Nijeriya ba ce. Tsohon Turanci ne sosai, ya cika fassarar Baibul ta zamanin Sarki James, wadda aka buga a 1611, wadda kuma aka daɗe ana karantawa a makarantun mishan da majami'u na ƙasar nan. Sai dai a Ingila kanta an daɗe da barinsa. Tun a 1926 H. W. Fowler ya ƙidaya shi cikin tsohon yayi a ƙamusunsa na ƙa'idojin Turanci, ƙamusoshin yau ma haka suke yi masa alama.

Ga ɗalibi Bahaushe tarkon biyu ne, don harshensa ma yana tura shi ciki. Kalmar "sai" ita kaɗai tana ɗauke da kayan da Turanci ya raba wa kalmomi uku. Ba wanda ya zo sai Audu, wannan "except" ce. Ba za ka shiga ba sai ka biya, wannan "unless" ce. Ba zan tashi ba sai magariba, wannan kuwa "until" ce. Yaron da aka koya wa tun aji uku cewa "sai" ita ce "except", ba abin mamaki ba ne in ya girma yana zuba ta ko'ina. Akwai masana da ke ganin cewa tun da miliyoyin mutane suna faɗin "except you pay" suna kuma fahimtar juna, ya kamata a karɓe ta cikin Turancin Nijeriya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, gama harshe na masu magana da shi ne. To, amma ɗalibin da ke zaune gaban takardar WAEC ko NECO ba muhawarar masana ce ta kawo shi ba, maki yake nema. Shi da mai rubuta wasiƙa zuwa ƙasar waje, "unless" ce tasu.

Daga nan sai 'yan'uwan "except", waɗanda suka fi ba masu fassara wahala a ɗakunan labarai, inda labari kan iso da Turanci, edita na tsaye, lokacin buga jarida ko karanta labarai kuwa ya ƙarato. Ta farko ita ce "but". A bayan "nobody", "nothing", "all" da makamantansu, "but" da "except" ɗaya ne: "Nobody but the driver survived", ba wanda ya tsira sai direba. Amma da zarar an ce "but for", magana ta sauya. "But for the rain, the fire would have spread" ba togaciya ba ce, sharaɗi ne: ba don ruwan sama ba, da gobarar ta bazu. Ƙamusoshi sun yarda a yi amfani da "except for" a wannan ma'ana ma, amma "but for" ta fi fitar da ita sarai, ita ce kuma ta fi dacewa da rubutu.

Wadda ta fi kowacce haɗari ita ce "all but", gama ita ma baki biyu gare ta. "All but three of the shops were destroyed" na nufin dukan shaguna sun ƙone in ban da uku. "The market was all but destroyed" kuwa na nufin saura ƙiris kasuwar ta ƙone ƙurmus. In lamba ko suna ne ya biyo baya, togaciya ce. In aikatau ne ko sifa, ma'anarta kusan. Mai fassarar da ya gauraya su yana iya tayar da kasuwar da ta zama toka, ko ya ƙone wadda ke tsaye, mutanen da ke da dukiya a ciki kuwa suna can sun kasa kunne ga rediyo. Haka nan "the last but one" ba na ƙarshe ba ne, mai bi wa na ƙarshe ne daga baya, watau na biyun ƙarshe. "Not excepting the chairman" na nufin har da shugaba. In kuma aka ce "The senator took exception to the remark", ba abin da sanata ya toge. Ransa ne ya ɓaci da maganar, ya kuma nuna.

"Apart from", wadda Amurkawa suka fi faɗa da "aside from", ita ce tagwayen "ban da" ta Hausa, don tana fitarwa tana kuma ƙarawa. "Apart from Audu, everyone passed" fitarwa ce. "Apart from English, she speaks French" ƙarawa ce. Tana da daɗin hira, amma wanda zai rubuta sanarwar biyan kuɗi ko takardar haya ko wasiyya, gara ya guje ta, ya zaɓi "except for" ko "in addition to", don kada a bar wa lauyoyi abin ci. "Besides" ma tana da nata ɗan halin: a jimlar korewa takan koma ma'anar "except", kamar "I have no friend besides Musa", ba ni da aboki sai Musa. Kada kuma a manta da "s" ɗin ƙarshe, don "beside" kusa da take nufi.

Wanda ke ganin duk wannan wasan yara ne, ya leƙa littattafan doka. A watan Disamba na 1865 Amurka ta tabbatar da gyara na 13 ga tsarin mulkinta, wanda ya haramta bauta da aikin tilas. Amma a tsakiyar jimlar akwai "except", wadda ta toge wanda kotu ta same shi da laifi aka yanke masa hukunci. Ta wannan 'yar ƙofa jihohin kudancin ƙasar suka bi, suka riƙa kama baƙaƙen fata da ƙananan laifuffuka suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai da masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, har jihar Alabama ba ta daina ba sai a 1928. Jihohi da dama sun kwafi irin wannan togaciya a nasu tsarin mulkin. Sai a 2018 masu zaɓe a Kolorado suka kaɗa ƙuri'a suka cire tasu, a 2022 kuma jihohi huɗu, watau Alabama da Oregon da Tennessee da Vermont, suka bi sawu. Kalma guda mai haruffa shida, ga shi an shafe fiye da shekara 150 ana fama da abin da ta haifar.

A gida ma haka abin yake. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sa'an nan ya toge zartar da hukuncin kotu a kan wanda aka same shi da laifi. Kalmar da aka yi togaciyar da ita a nan ita ce "save", wadda ta samo asali daga "sauf" ta Faransanci, wadda 'yan'uwa na Nijar suka sani sarai. Lauyoyi suna ƙaunarta, su ce "save", su ce "save for", su ce "save that", duk kuwa "except" suke nufi. Wanda bai san "save" ba sai da ma'anar ceto ko ajiya a banki, in ya karanta sashen nan, a juye zai fahimce shi. Ko a kasuwa ma, mai karatu ya duba ƙasan takardar lissafin kaya ta wasu kamfanoni, zai ga haruffa "E. & O. E.", taƙaitawar "errors and omissions excepted". Mai kaya ne ke toge wa kansa ikon gyara lissafi in an yi kuskure ko mantuwa, ko da an riga an miƙa takarda.

Saura kuskure guda, wanda ba na nahawu ba ne, na kunne ne da ido. "Accept" da "except" uwarsu ɗaya, watau "capere" ɗin nan ta Latin, amma kowacce da inda ta fuskanta: "accept" jawo abu take yi zuwa ga mutum, watau karɓa, "except" kuwa fitar da shi take yi. A baki kusan ɗaya suke, don bambancin wasalin farko ne kawai, shi ma ba a danna shi, in ana magana da sauri sai ya ɓace. Daga nan ne ake samun matashin da aka ba aiki, ya zauna ya rubuta amsa cikin murna, "I except your offer." Ta uku mai shiga tsakani ita ce "expect", tsammani, wadda haruffanta ɗaya da na "except", wurin zaman biyu ne kawai ya sauya. Kada kuwa a dogara ga kwamfuta ko wayar hannu su kama wannan, domin dukan ukun kalmomi ne na gaskiya, na'ura ba lalle ta ja musu jan layi ba. Maganinsa a karanta takarda sau biyu kafin a aika, a kuma tuna cewa mai farawa da "ex" ita ce mai nuna ƙofar fita, kamar "exit" da ake rubutawa a bakin ƙofar asibiti da banki.

Ga jimloli shida mai karatu ya gwada hannunsa. A cike kowane gurbi da ɗaya daga cikin "except", "except for", "besides", "unless" da "but for". A lura, akwai guda da ke karɓar amsa biyu.

1. The hall was silent ......... the noise of the fan.
2. You cannot board the bus ......... you show your ticket.
3. ......... English, she teaches French and Arabic.
4. ......... the courage of the watchman, the thieves would have escaped.
5. Everyone signed the register ......... the cashier.
6. The office opens daily ......... on public holidays.

Za a kawo amsoshin a wannan fili mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.